Rabon Nama A Cikin Gida

Karatu: Romawa 14:1-6, 1 Sama'ila 1:1-5 da 2:12-17

Gaisuwa ga waɗanda ke jin mu a cikin garin Kafanchan, da na Kagoro, Zonkwa, Kwoi, Manchok, Kagoma, Gidan Waya da ƙauyukan da ke kewaye. Mun sani a gidaje da yawa ba da Hausa ake hira a bakin murhu ba. In akwai kaka a kusa wadda ba ta jin Hausa sosai, muna roƙo wani ya juya mata maganar da Jju, ko Tyap, ko Hyam, ko Gworok, ko kowane yare kuke yi a gida, gama akwai rabonta a cikin abin da za mu faɗa.

Yau zancenmu a kan tukunyar miya yake.

Muryoyi da yawa suna shigowa gidajenmu kwanakin nan game da abinci. Yaro ya dawo hutu daga makaranta a Zariya ko Jos, ya ce ya gani a waya cewa nama dafi ne, ƙwai da madara ma haka, daga yau shi hatsi da ganye kaɗai zai ci. Wani ɗan'uwa kuma ya ce mai bi na gaske ba ya cin nama, tun da ba a ci shi a gonar Aidan ba. Baba yana zaune a gefe yana cewa tuwon da babu nama ba abinci ba ne. Ran Lahadi kuma, bayan an tashi sujada, sai wata 'yar'uwa ta buɗe jaka ta fito da kwalabe masu tsada, ta ce duk wanda bai sha waɗannan ba jininsa ba zai cika ba. Uwargida mai riƙe da kuɗin cefane ita ce a tsakiya. Wa za ta bi?

Bari mu fara da Maganar Allah. A Farawa sura 1 aya 29, abincin da Allah ya ba mutum na farko tsire-tsire ne da 'ya'yan itatuwa. Wannan ba mai musu. Amma kada mu rufe littafin a nan. A sura 9, bayan ruwan tsufana, Allah da kansa ya ƙara wa Nuhu da zuriyarsa dabbobi su zama abinci, jini ne ya hana su. A zamanin Musa aka ware wa Isra'ilawa dabbobin da za su ci da waɗanda ba za su ci ba, yana nan a Littafin Firistoci sura 11. Da Ubangiji Yesu ya zo, ya koyar a Markus sura 7 cewa abin da ke ƙazantar da mutum daga zuciyarsa yake fitowa, abinci kuwa ciki yake shiga ya wuce. Bayan tashinsa daga matattu ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gaban almajiransa, Luka ya rubuta mana wannan a sura 24. A Yohanna sura 21 kuma, da almajiran suka fito daga jirgi da safe, sai suka tarar ya shirya musu kifi a kan wuta.

Gardamar da muke yi yau an yi ta a ikkilisiyar Roma. Wasu suna cin kome, wasu ganye kaɗai. Manzo Bulus bai tsaya ya zaɓa musu abinci ba. Ya gargaɗi mai ci kada ya rena marar ci, ya gargaɗi marar ci kada ya hukunta mai ci, domin dukansu biyu bayin Ubangiji ɗaya ne. Inda ya yi zafi shi ne a 1 Timoti sura 4, a kan masu mai da ƙin wani abinci doka, su ɗora wa mutane a wuya. Saboda haka ɗan'uwan da ya zaɓi ya bar nama yana da 'yanci. Ranar da ya ce ceton wani ya rataya a kan haka, ya wuce iyaka.

Za a ce mana, to Daniyel fa? Daniyel da abokansa a Babila sun ƙi abincin teburin sarki domin kada su ƙazantar da kansu a gaban Allah. Suka roƙa a gwada su kwana 10 da ganye da ruwa, Allah kuwa ya girmama amincinsu, suka fi sauran samarin kyan gani. Labari ne na biyayya a ƙasar bauta. Masu kafa hujja da shi sukan manta da sura 10, inda Daniyel, ya riga ya tsufa, ya ce ya yi mako 3 yana makoki bai sa nama a bakinsa ba. Wanda ba ya cin nama sam ba zai ƙirga mako 3 na barinsa ba.

To, Littafi Mai Tsarki ya bar mana zaɓi. Amma jikin nan da Allah ya gina yana da tsarinsa, zaɓinmu kuwa ba ya canja tsarin. Nan ne ya kamata mu saurari abin da masu ilimin lafiya suka gano.

Masu barin nama iri biyu ne. Akwai waɗanda ba sa cin nama amma suna shan madara, wasunsu har da ƙwai. Miliyoyin mutane a Indiya haka suke tun kaka da kakanni. 'Yan'uwanmu na ikkilisiyar Adventist, masu asibiti a Jengre ta Jihar Filato, su ma suna ƙarfafa mutanensu ga irin wannan ci. Akwai kuma waɗanda ba sa taɓa kome da ya fito daga dabba, ko madara, ko ƙwai, ko kifi. Turawa suna ce musu bigan. Wani Bature mai suna Donald Watson da abokansa ne suka kafa ƙungiyarsu a Ingila a shekarar 1944.

Mu faɗi gaskiya, abincinsu yana da amfani. Jami'ar Loma Linda a Amurka ta bi lafiyar 'yan Adventist kimanin 96,000 tun daga shekarar 2002, ta ga masu barin nama sun fi sauran tsira daga ƙiba, hawan jini da ciwon sukari. A shekarar 2015 kuma wata cibiya ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naman da aka sarrafa a kamfani, irin su tsiran Turawa da naman gwangwani, cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji na hanji. Ɗan'uwa mai albashi, wanda kowace yamma sai ya tsaya wurin mai tsire, ya ji wannan da kyau. Karin Magana sura 23 ma ta ja kunnen masu haɗamar nama tun da daɗewa.

Amma akwai abu ɗaya da ganye ba ya bayarwa. Sunansa bitamin B12.

Bitamin sinadarai ne da jiki ke bukata kaɗan-kaɗan, yawancinsu kuwa sai daga abinci yake samun su. Aikin B12 biyu ne. Yana taimakon jiki ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini, yana kuma kiyaye rigar da ta lulluɓe jijiyoyi, kamar robar da ke jikin wayar lantarki. Babban mutum yana bukatar kimanin maikirogiram 2.4 a rana. Maikirogiram shi ne in an raba giram 1 gida miliyan 1. Abin da mutum ke bukata a shekara guda cur bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba. Ku dubi ƙanƙantarsa. Duk da haka, in babu shi, mutum yakan kwanta.

Shuka ba ta yin sa. Wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani, waɗanda ake kira bakteriya, ke yin sa. Saniya da akuya da tunkiya suna ɗauke da su a cikin tumbi, sai bitamin ɗin ya shiga namansu da hantarsu da nononsu. Kifi da kaza suna samu daga abin da suke ci. Mu ma muna da irin waɗannan halittu a cikinmu, amma suna can ƙarshen hanji, bayan an wuce wurin da jiki ke tsotse shi, sai ya fita a banza. Don haka ba ya cikin acca, ba ya cikin dawa ko masara, ba ya cikin doya, wake, gyaɗa ko riɗi. Zogale da muke yabo, wanda kuwa ya cancanci yabo, ba zai ba mu shi ba. Awara tana gina jiki ƙwarai, amma ita ma babu shi a ciki. Daddawa ba abin dogara ba ce a nan.

An sha wahala kafin a gane wannan. Akwai wani ciwon ƙarancin jini da ya riƙa kashe mutane a Turai da Amurka, ba a san maganinsa ba. A shekarar 1926 likitoci biyu a birnin Boston, George Minot da William Murphy, suka riƙa ba irin waɗannan marasa lafiya hanta mai yawa kowace rana, sai mutanen da aka fid da rai da su suka miƙe. Sai a 1948 aka iya ware sinadarin da ke cikin hantar, wato shekara 4 bayan kafa ƙungiyar bigan. A shekarun 1950 likitoci a Ingila suka fara ganin alamun rashinsa a jikin wasu 'yan ƙungiyar. Yau ƙungiyar da kanta tana gaya wa mutanenta dole su sha B12, maikirogiram 10 kowace rana ko 2,000 sau ɗaya a mako, ko su ci abincin da aka ƙara masa shi a kamfani. Wanda ya kawo mana rabin koyarwarsu daga waya ya bar wannan rabin a baya, bai yi mana adalci ba.

Abin da ke ruɗin mutane shi ne hanta tana ajiye B12 kamar rumbu. Babban da ya saba cin nama, in ya daina, ajiyar za ta iya kai shi shekara 3 zuwa 5. Zai ce, ga shi na yi shekara ban ci ba, lafiyata lau. Rumbu ne yake ci, ba ya kuwa zubawa. In ya ƙare, sai gajiya marar dalili, da haki in an hau tudu kaɗan, harshe ya yi ja yana zafi. Tafin ƙafa da yatsu su riƙa yi kamar ana soka allura, ko su mutu ba a jin su. Tafiya ta zama da tangaɗi, musamman da dare. Mantuwa ta shigo, wani har hankalinsa ya rikice. Ganye da wake suna da wani bitamin mai suna folik, wanda yakan rufe ƙarancin jinin, sai a ga mutum kamar lafiya alhali jijiyoyinsa suna lalacewa a ɓoye. In an gano da wuri ana warkewa. In an daɗe, wata ɓarnar ba ta gyaruwa.

Yanzu wani zai ce, wannan ai zancen Turawa ne da 'yan boko, mu nan wa ya ƙi nama?

'Yan'uwa, a nan ne maganar ta iso ƙofar gidanmu. Da yawa daga cikinmu bigan ne, suna kawai ba a sa mana ba. Ba mu zaɓa ba, rashi ne ya zaɓa mana. Ku tuna abin da aka ci a gidanku cikin makon da ya wuce. Kunu da safe. Fate da yakuwa da gauta da rana. Tuwo da miyar kuka ko karkashi da dare, an jefa dunƙule mai ɗanɗanon kaza. Ɗanɗanon kaza kuwa ba kaza ba ne. In an samu an sa ganda, baki ya sami abin taunawa, amma abin da ke gina jini kaɗan ne a cikinta.

Abin mamaki, muna zaune a ƙasar kiwo. Kasuwar aladu ta Katsit, nan gefen Kafanchan, tana cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar nan. Duk ranar Alhamis 'yan kasuwa suna zuwa daga kudu su cika motoci su tafi. Matar da ta yi wata da watanni tana ɗaukar dusa tana ciyar da aladen nan, sau nawa 'ya'yanta suka ɗanɗana shi? Ba mu ga laifinta ba. Alade kuɗin makaranta ne, kuɗin taki ne, kuɗin asibiti ne. Akuya ma haka, kaza ma haka. Ƙwai kuwa a bar wa kaza ta ƙyanƙyashe, ko a kai kasuwa a sayo gishiri. Daga shekarar 2023 abin ya ƙara tsanani. A watan Mayu aka cire tallafin man fetur, kome ya yi tsada, a damunar shekarar kuma cuta ta faɗa wa citta a Kachia, Jaba, Kagarko da kewaye, gidajen da suka dogara da ita suka tashi hannu wofi. In kuɗi ya ragu, nama da kifi ne ke fara fita daga tukunya. Akwai kuma ƙauyukan da ƙwaryar nono ta daina shigowa tun da zaman lafiya ya sami tangarɗa tsakanin manoma da makiyaya. Ba a cika lissafa wannan cikin hasarar rikici ba, amma jikin yara yana lissafawa.

Binciken lafiya na ƙasa da aka yi a shekarar 2018 ya nuna yara 68 cikin 100, 'yan wata 6 zuwa shekara 5, suna da ƙarancin jini a Nijeriya, mata masu shekarun haihuwa kuma 58 cikin 100. Dalilan suna da yawa, akwai zazzaɓin cizon sauro, tsutsar ciki, ciwon sikila. Amma abinci yana cikinsu, musamman rashin sinadarin ƙarfe, wanda jiki ya fi sauƙin tsotsa daga nama da kifi fiye da daga ganye.

Wanda ya fi shiga haɗari shi ne jariri. Shi bai zo da babban rumbu ba. Abin da ya samu a cikin mahaifa da abin da ke cikin nonon uwarsa, shi ke nan. In uwa ba ta da B12, nononta ma ba shi da shi, ko da ita tana jin ƙarfinta. Sai a ga yaro ɗan wata 6 ko 8 ya yi laushi, ba ya murmushi, ba ya son abinci, bai zauna ba lokacin da tsaransa suka zauna, wani ma abin da ya iya dā sai ya daina. Mun san abin da akan ce a irin wannan hali. A ce an taɓa shi, a fara kallon wata tsohuwa a unguwa. Haka in kaka ta fara mantuwa tana surutai, maimakon a kai ta asibiti sai a sa mata mummunan suna. Ba kowane laushin yaro ko mantuwar tsoho ne daga rashin B12 ba, amma yana cikin abin da likita zai duba, maganinsa kuma ba shi da tsada. Mu yi addu'a, mu kuma je a duba jini. Kada mu ɗora wa maƙwabciya laifin abin da ya ɓace daga tukunyarmu.

Bari mu koma ga karatunmu na 1 Sama'ila. A sura 1 mun ga Elkana. Gidansa ba gidan da babu damuwa ba ne, mata biyu ne da kishi a tsakani. Amma ku lura da abin da yake yi ranar da ya miƙa hadaya a Shilo. Shi da kansa yake raba nama. Yana ba Feninna, yana ba kowane ɗa nata, yana ba kowace 'ya, marubucin ya ambaci 'ya'ya mata a fili. Hannatu kuma, wadda ba ta haihu ba, wadda mutane za su iya cewa ba ta kawo kome gidan ba, ya ba ta rabo na musamman.

Juya shafi ɗaya, sura 2, sai ga 'ya'yan Eli, Hofni da Finehas. Mutum yana dafa naman hadayarsa, sai baransu ya zo da cokali mai yatsa 3 ya caka cikin tukunya, abin da ya fito ya zama nasu. In an ce ya dakata, ya ce zai ƙwace da ƙarfi. Zunubinsu a gaban Allah shi ne rena hadayarsa, ba za mu karkatar da nassin ba. Amma hoton nan na hannu mai ƙarfi da ke fara shiga tukunya, mun san shi.

Iyayenmu maza, da girmamawa muke magana, mu ma muna cikinku. In an yanka kaza a gida, ina ƙundu yake zuwa? Ina hanta da cinya? Kwanon baba. Yara su sami ƙafa da wuya da kai, mama kuwa, wadda ke da ciki wata 7 ko take goyo, ta tsotsi ƙashi a bakin murhu bayan kowa ya ƙoshi. Al'ada ce, an yi ta don girmama maigida, girmama maigida kuwa abu ne mai kyau. Sai dai baba ya gama girma. Ƙwaƙwalwar ɗan shekara 1 yanzu ake gina ta, jinin mai ciki na mutum biyu ne. Ba mama ce za ta canja wannan ba, in ta yi za a ce ta rena miji. Baba ne zai ɗauki hantar nan da hannunsa ya sa a kwanon ƙaramin yaro, kamar yadda Elkana ya yi rabo da hannunsa. Ranar da ya yi haka a gaban kowa, ta zama dokar gidan.

Sai maganar ƙwai. An ce in an ba yaro ƙwai zai zama ɓarawo. A wasu gidaje har mai ciki ake hana wa. Mun duba, ba mu ga wannan a Littafi Mai Tsarki ba. Yaron da ke ganin abu a gidansu kullum ana hana shi, shi ne ma ya fi kusa da miƙa hannu a ɓoye. Daga wata 6, lokacin da aka fara ba jariri abinci tare da nono, ana iya dafa ƙwai sosai a murmushe masa cikin kunu ko fate.

Ga wani abu da ya kamata kowace uwargida ta riƙe. Jiki ba ya iya tsotse B12 mai yawa a zama ɗaya, abin da yake ɗauka bai wuce kimanin maikirogiram 2 ba, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ma'ana, naman da muke ci har mu gaji ranar Kirsimati, da ranar 1 ga Janairu da ake bikin Afan a Kagoro, da wurin aure da jana'iza, ba zai riƙe mu shekara ba. Kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi. Ƙwai 1 yana ba da kimanin rabin maikirogiram. Kofin madara ko kindirmo yana ba da kimanin 1. Kifin ƙanƙara irin su titus da shawa suna da shi sosai, haka kifin gwangwani. Ƙananan busassun kifi da karafish, in an daka su an zuba a miya, kowa ya samu, babu mai tsamo rabon wani. Hanta da ƙoda sun fi kome, ɗan yanki ya isa, sai dai mai ciki kada ta yawaita hanta, gama bitamin A da ke cikinta yana da yawa ƙwarai. Da damuna ƙwan zabi yakan yi araha. Da babu gara ba daɗi. In madara ɗanya ce, a tafasa ta.

Tun da muna ƙasar aladu, mu ƙara wannan. A dafa naman alade har cikinsa ya nuna sarai. In an ga farare-fararen ƙwayoyi kamar shinkafa a cikin tsoka, kada a saya, kada a sayar wa wani, 'ya'yan tsila ne. Wanda ya ci bai dahu ba, tsila za ta girma a hanjinsa, ƙwanta su riƙa fita ta bayan gida. In suka koma bakin mutum ta hannu marar wanki ko abinci, suna iya kaiwa ƙwaƙwalwa su jawo farfaɗiya. A killace aladu, a yi masai, a wanke hannu. Dabbar da ta mutu da kanta kuwa a binne ta, kome tsadar nama.

To, ƙwayoyin bitamin fa? Wasu suna jin shan su rashin bangaskiya ne. Annabi Ishaya ya kawo wa sarki Hezekiya alkawarin warkewa daga Allah, shi ne kuma ya ce a manna masa curin ɓaure a kan marurun. Bulus ya kira Luka ƙaunataccen likita. Allah da ya ba da ganye shi ne ya ba mutum hikimar gano abin da babu a cikin ganye.

Amma a san wanda ake bukata. Mai ciki tana bukatar ƙwayar ƙarin jini kowace rana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce miligiram 30 zuwa 60 na sinadarin ƙarfe, da maikirogiram 400 na folik. Su ne ake bayarwa wurin awon ciki. Bayan gida yakan yi baƙi, wannan ba ciwo ba ne. Ba kuma gaskiya ba ne cewa suna sa jariri ya yi girman da zai gagari haihuwa. Macen da ta shiga naƙuda da ƙarancin jini ita ce zubar jini kaɗan ke iya ɗauke ta. Kada a sha su da shayi, yana hana jiki tsotse ƙarfen, a sha da ruwa ko lemo. A ɓoye su nesa da yara, gama in yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi. Yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 kuma ana ɗiga musu bitamin A duk wata 6, shuɗi ga waɗanda ba su kai shekara ba, ja ga waɗanda suka kai. In ma'aikatan lafiya sun zo, a fito da yara.

Wanda ba ya cin kome na dabba, ko don ya zaɓa ko don babu, shi ne mai bukatar ƙwayar B12, musamman mace mai ciki ko mai goyo. Ta faɗa wa ma'aikaciyar asibiti gaskiyar abin da take ci, kada kunya ta hana ta. A kula, ƙananan ƙwayoyin nan masu ruwan ɗorawa da ake sayarwa a kemis da sunan B-Complex, da yawansu babu B12 a ciki, ko kuwa ɗan kaɗan ne. A karanta jikin kwalba a nemi B12, ko sunansa na likitanci, Cyanocobalamin. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Game da kwalabe masu tsada da ake talla a harabar majami'a, waɗanda aka ce suna warkar da ciwon sukari da rashin haihuwa da ciwon daji gaba ɗaya, ra'ayinmu a fili yake. Babu ƙwayar da ke yin wannan duka. Kuɗin kwalba ɗaya zai sayi ƙwai da kifin da zai riƙe yaran gidan makonni. Abin ya fi ciwo in mai tallar ta haɗa da sunan Yesu, har gwauruwa ta ji kunyar cewa a'a. Dattawan ikkilisiya su sa ido a kan wannan.

Masu azumi suna tambaya ko barin nama na kwana 40 kafin Ista zai cuce su. Ga babba mai lafiya, a'a, rumbun hanta ya fi ƙarfin kwana 40. Kiristocin Habasha na ikkilisiyar Otodoks suna barin nama da madara da ƙwai kusan kowace Laraba da Jumma'a, da dogayen azumi a shekara, amma in azumi ya wuce suna komawa su ci. Mai ciki, mai goyo, ƙaramin yaro da marar lafiya, kada a ɗora musu wannan kaya. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Mun ce akwai rabon kaka, ga shi. In mutum ya tsufa, cikinsa yakan rage ƙarfin fid da B12 daga abinci, ko da yana cin nama. Haƙora kuma sun zube, sai a daina sa masa nama a kwano, a ce ai ba ya iya taunawa. A dafa masa kifi, a ba shi ƙwai da kindirmo, a daka masa nama. Masu ciwon sukari da suka daɗe suna shan maganin nan Metformin, shi ma yana rage B12 a jiki. Kada su daina maganin, su dai tambayi likita a duba su. Akwai kuma waɗanda cikinsu ba ya tsotse shi sam, irin marasa lafiyan nan na Boston, su likita yakan sa musu allura ko ƙwaya mai ƙarfi, wani lokaci har iyakar rai. Matan Zumunta, in kun je gaishe da tsohuwa kuka ji tana cewa ƙafafunta sun mutu, ko tana jin kamar a kan auduga take tafiya, ku gaya wa 'ya'yanta su kai ta babban asibiti a Kafanchan ko wanda ya fi kusa da ku, su kuma ambaci B12 da bakinsu a gaban likita.

Lokacinmu ya ƙare. Kafin mako mai zuwa a karanta Romawa sura 14 duka a sujadar iyali, gama daga aya 13 za mu ɗauka. Ubangiji ya kiyaye ku da gidajenku. Sai mun sake saduwa.